Dish a Ƙasa, Intanet a Kan Jigo

Ranar wata Asabar ce a farkon damina, da misalin ƙarfe goma na safe, a zauren Jauro, wato mai unguwa, a Nassarawo. Mu huɗu ne a kan tabarma: Jauro da kansa, da Alhaji Modu, Babarbare dillalin shanu wanda iyayensa suka zo Mubi daga Borno, da sabon maƙwabcinsa Mista Zira, malamin makaranta mai ritaya daga duwatsun Michika, sai ni, Buba mai dish. Ba ƙarata aka kawo ba. An kira ni ne saboda na daɗe a sana'ar, don a ji ko akwai mafita.

Ga abin da ya faru. Mista Zira ya gama gina gidansa, katanga ɗaya ce ta raba shi da Alhaji Modu. Yana son talabijin na tauraron ɗan Adam, yana kuma son intanet mai waya a ɗakuna, domin 'yarsa Kuve tana karatu daga gida, darasinta da jarrabawarta duk ta intanet suke zuwa. Sai ya kira wasu matasa biyu masu saurin aiki. Suka zo da rana tsaka, suka jingina tsani, suka haye rufi ba sallama ba sanarwa. Daga can kuwa tsakar gidan Alhaji Modu a tafin hannu take. Matan gidan suna wanki da girki a sake, suka ɗaga kai suka ga maza biyu tsaye a kansu, ɗaya yana riƙe da wayar hannu yana jujjuya ta. Sigina yake nema. Su kuwa suka ce hoto yake ɗauka.

"Jauro," in ji Alhaji Modu, "shekara nawa ina unguwan nan, ka taɓa jin rigima na? Amma iyali na ba shanun kasuwa ba ne da za a hau sama ana leƙa su. Wanda ya sake taka rufin nan, wallahi ni da shi ne."

Mista Zira ya ɗora hularsa a gwiwa. "Ranka ya daɗe, ni ban sani ba. Wajen mu mutum yana hawa dutse yana ganin gidan kowa, babu wanda ya damu. Na ba da haƙuri, na sake ba da haƙuri. Tun ranan, ko na yi gaisuwa ba a amsawa. Mai ruwa ma ya daina tsayawa a ƙofa na. Mata na ya ce mu sayar mu bar wajen. In haka za mu zauna, gara in sayar."

Jauro ya juyo wajena. "Buba, kai ne mai hawa rufin mutane. Me ka gani?"

"A ba ni in duba gidan," na ce. "Zan sa masa dish, zan sa masa intanet. Kuma na yi alkawari a gabanka: ba ni ba wani, ba wanda zai hau rufin."

Alhaji Modu ya harare ni. "Bafillatani zai kamo tauraro daga ƙasa? Ku da ko saniyar ku sai kun hau tudu kuke hango ta?"

"Alhaji, tun yaushe bawa yake gardama da ubangidansa a gaban Jauro? Ka yi shiru ka ga aiki."

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani. Alhaji Modu ya yi ƙwafa, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Da haka aka tashi.

To, ku matasan da kuke zuwa shagona kuna cewa a koya muku dish cikin mako guda, wai ai ba komai ba ne illa noti huɗu da waya, ku saurari yadda na koya. Na fara a wajen Oga Markus, mai gyaran rediyo da talabijin a bayan kasuwa, a zamanin manyan dish na raga, waɗanda sai an yi musu gindin siminti, sai kuma an tara ƙarti kafin a ɗaga su. Lokacin ba mu da mitar sigina. Mutum ɗaya yana juya dish, wani yana bakin taga, wani yana gaban talabijin, ana miƙo ihu kamar ana kashe gobara: "Ya zo! Ya tafi! Koma baya! Tsaya nan!" Oga Markus Kirista ne, amma da alƙibla ya koya mini neman tauraro. Ya ce a Mubi ba unguwar da za ka rasa masallaci, saboda haka ba ka bukatar wata na'urar nuna gabas. Ka tsaya kamar za ka ta da salla, ka karkata dama zuwa tsakanin gabas da kudu, can tauraro mai kawo ƙwallo yake. Ka ba alƙibla baya, can mai kawo tashoshin Larabawa yake. Har yau da wannan nake fara aiki kafin in kunna mita.

Amma ba wannan ne darasin farko ba. Na daɗe ina ɗaukar tsani a bayansa kafin ya yarda in taka shi. Aikina shi ne in zaga gidajen da ke kewaye da inda za mu yi aiki, in yi sallama, in gaya wa maigida ko babban ɗansa cewa gobe da hantsi za a hau sama. Ranar aikin kuma, kafin ya ɗora ƙafa a tsani, sai ya ɗaga murya: "Za a hau! A kimtsa!" Ya ɗan jira. Idan ya hau, bayansa yake ba gidan maƙwabta, idonsa a kan hannunsa. Masu ɗaura jinka da masu sare reshen bishiya sun san wannan ƙa'ida tun kafin a kawo talabijin ƙasar nan. Mu gadonta muka yi. Shi ya sa akwai gidaje a garin nan da ko ɗan'uwan maigida ba ya wuce zaure, amma ana shimfiɗa mini hanya har ɗakin uwargida in ja waya.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma kowanne yana da wurinsa a jaka: sifana biyu, filaya, sukudireba, injin huda bango, abin fere waya, abin matse kan kebul, mita, da ƙaramin ma'aunin ruwa irin na magina. Wannan na ƙarshe matasa suke rainawa. Idan ƙarfen da dish zai zauna a kai bai tsaya cak ba, ka wuni kana juyi ba za ka sami abin kirki ba. Ka kama tasha yau, iskar hadari ta farko ta ƙwace ta.

Da wannan jakar kaɗai na fita a shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi gari ya watse. Da muka dawo, mun tarar da dish a karye suna lilo a jikin bango, an zare wayoyi saboda jan ƙarfen da ke cikinsu, sabis na waya kuma sai a hankali. Ba mai zancen talabijin. Abinci da ƙofa ake nema. Na koma gyaran tocila da ƙananan rediyo har aka fara numfasawa. Abin da wannan shekarar ta bari a sana'armu shi ne tsoro. Mutum a kan rufi da wata na'ura a hannu yana juya ta, ba a ƙara yi masa kallon mai aiki ba. Sai an tambaye ka wane ne kai, wa ya aiko ka, abin nan me yake ɗauka. Yaran da suka hau rufin Mista Zira suna ƙanana lokacin. Alhaji Modu kuwa bai manta ba.

Ranar Litinin na je gidan hannu rabbana, ko tsani ban ɗauka ba. Gida ne mai kyau, ɗaki huɗu da falo, fenti yana wari. Na tsaya a tsakar gida na ɗauki alƙibla daga masallacin bakin layi, na karkata dama. Sarari fes, a wata kusurwa kusa da tankin ruwa.

"Nan za a kafa dish," na ce.

"A ƙasa?" in ji Mista Zira. "Ai na ɗauka in ya fi sama ya fi kamawa."

Haka kusan kowa ya ɗauka, har da wasu masu sana'ar. Tauraron nan yana can nesa ƙwarai, tsayin rufi bai rage komai daga tazararsa ba. Dish ba tsawo yake so ba, sarari yake so a gabansa. Ana kai shi rufi ne saboda ƙwallon yara, da awaki, da ɓarayi, da kuma son a gani. A gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ƙasa ta fi: iska ba ta dukansa sosai, kuma ranar gyara kujera ta ishe ka.

Matsala ɗaya ce: daidai gaban wurin, Madam, matar Mista Zira, ta dasa ɗan mangwaro wanda bai kai gwiwata ba. Na roƙe ta a matsar da shi.

"Wannan ƙaramin abu ne zai tare tauraro?" ta ce. "Oga, kar ka raina mini hankali."

"Madam, ba da na yau nake magana ba. Da wanda jikokinki za su riƙa jifa nake magana."

Ta yi dariya, ta ɗauko fartanya da kanta. Mai dish yana duban bishiya yadda za ta zama, ba yadda take ba.

Jan waya ya fi ba ni aiki. Sabon gida, daidai shi ne a kira mu kafin a yi filasta, mu binne fayif a bango, ɗaya na talabijin, ɗaya na intanet. Nan an riga an shafe komai, kuma ba zan fasa wa mutum sabon bango ba. Sai na shiga silin ta ƙofarsa da ke baranda. Wannan ba hawa rufi ba ne. A ciki ba abin da kake gani sai katako, ba abin da kake ji sai zafin kwano a ƙeyarka. Wayoyin biyu tare suke tafiya amma halinsu ba ɗaya ba ne. Ta talabijin jan ƙarfe ɗaya ne a tsakiya, tana da haƙuri. Ta intanet siraran wayoyi ne masu launi daban-daban a murɗe, kowanne da gurbinsa. Ka sauya biyu, fitilar rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, za ta kama, intanet ba zai zo ba. Ba ta son a lanƙwasa ta da ƙarfi, ba ta son ƙusa, ba ta son kwanciya a jikin wayar wuta. Na raba musu hanya da ta lantarki, na sauko da su ta kusurwar ɗakuna cikin farin bututu, har Madam ta ce ba ta ga inda suka bi ba. Inda waya za ta shiga bango daga waje, na sake mata ciki ta yi ƙasa kafin ta hau, don ruwan sama ya ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga ɗaki. Na kuma haƙa rami na binne sandar jan ƙarfe da gawayi da gishiri. Wanda ya san tsawar Mubi a tsakiyar damina ba ya tsallake wannan.

Kafin azahar ta Laraba dikoda ta kawo hoto. Saura intanet, kuma nan ne gizo yake saƙa.

Kamfanin da Mista Zira ya yi rajista da su suna da dogon ƙarfe a kan tudu cikin gari. Suna ba da wani farin akwati mai faɗin faranti, shi yake karɓo intanet daga ƙarfen ya zuba shi cikin waya. Shi kuma akasin dish ne: dole ya yi tsawo, dole su ga juna da ƙarfen ido da ido. Da na duba, hanyar ta bi daidai ta saman gidan Alhaji Modu, ta kan rufinsa da bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidansa. Ko an kafa fayif daga ƙasa, sai wani ya hau ya ɗaura akwatin, ya saita shi, kuma duk ranar da ya lalace sai an sake hawa. Ni kuwa na yi alkawari.

Mahaifina yana da lambu a bakin mayo, wato kogi, lokacin muna yara, da jigo yake ban ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗayan, yaro ma yana iya ɗaga ta. Shi na zana wa Iliya mai walda a ƙasa da tsinke. Ginshiƙai biyu a cikin siminti, dogon fayif a tsakaninsu yana juyi a kan ƙarfe, da nauyin kankare a gajeren gefen. Fayif ɗin biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, don a iya murɗa na ciki daga ƙasa da mariƙi. Waya ta bi ta cikinsa, na bar mata sassauci a wurin gwiwar don kada ta tsinke in an kwantar. Idan ya miƙe, a ɗaure shi da wayoyi uku a cikin gidan, a sa kwaɗo a gindi.

"Shekara da shekaru ina walda," in ji Iliya, "yau ne aka fara sa ni ban ruwa a sama."

Ran Juma'a da yamma na je ƙofar Alhaji Modu na yi sallama. Na ce gobe da hantsi za a ɗaga ƙarfe a gidan maƙwabcinsa.

"Ka ce ba mai hawa."

"Ba mai hawa. Amma abu zai tashi sama da katangarka, bai kamata ka gan shi kwatsam ba. In ka samu sarari, ka zo."

Ya zo, da carbi a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa. Karo na farko ke nan da ya taka gidan. Mista Zira ya kawo masa kujera, ya ƙi zama. Muka ɗaura akwatin a ƙasa, ni da Iliya muka danna gajeren gefen, fayif ya miƙe a hankali har ya wuce dogon yaro. Kuve tana bakin taga da kwamfutarta, ni ina murɗa mariƙi.

"Babu, Oga. Babu. Ya ɗan zo! Ya gudu. Koma inda ka fito. Kaɗan. Tsaya! Kar ka numfasa!"

Na ɗaure noti. Ta buɗe shafin makarantarsu, ta yi tsalle. Mista Zira yana tafi. Da na waiwaya sai na ga Alhaji Modu bai kalli kowa ba, sama yake kallo. Farin akwatin yana can ƙololuwa, fuskarsa a kan gidansa, ƙaramar koriyar fitila tana ƙyaftawa.

"Buba," ya ce, ba wasa a muryarsa, "ka cire mutum ka sa ido. Mutum yana sauka. Wannan dare da rana yana nan."

Tafi ya tsaya. Madam ta koma ɗaki. Ban yi masa gardama ba, domin abin da ya gani ke nan, kuma wanda aka taɓa leƙa gidansa ba a warkar da shi da baki. Na kwance wayoyin ɗauri, muka kwantar da jigon, siginar da muka sha wahala a kanta ta tafi. Na kwance akwatin, na buɗe murfinsa da sukudireba, na miƙa masa.

"Alhaji, kai ma kana da waya, ka san yadda idon kyamara yake: sai da gilashi. Nemo mini gilashi a nan."

Ya sa tabarau. Ya juya shi gaba da baya, ya shafa fuskar da yatsa, ya ɗaga shi ga rana, ya leƙa ciki. Koren allo ne da 'yan ƙarafa, da ramin da waya take shiga.

"Kunne ne," na ce. "Ƙarfen da ke kan tudu yake saurare."

"Yau kunne ne," in ji shi. "Gobe in ka tafi fa? Wa ya san abin da za a ɗaura?"

 Wannan ba tambayar sana'a ba ce. Mista Zira ne ya matso. Ya karɓi sabon kwaɗon daga hannun Iliya, ya zare makulli ɗaya daga cikin biyun, ya miƙa da hannu biyu.

"Alhaji, riƙe wannan. Duk ranan da zuciyan ka bai kwanta ba, ka shigo ka sauke ka duba. Ko ina nan ko ba na nan. Ni zama na zo yi, ba leƙe ba."

Alhaji Modu ya dubi makullin. "Malam, ni zan riƙe makullin gidan ka?"

"Na ƙarfe ne kawai. Na ɗakin abinci yana wajen Madam, ni ma ba ya ba ni."

Iliya ne ya fara fashewa da dariya. Alhaji Modu ya karɓa, ya jefa a aljihun gaba, ya miƙo mini akwatin.

"To mayar da kunnen ka, bawa na. Ka kuma yi sauri, yarinya tana da karatu."

Da muka zo ɗagawa karo na biyu, ya ajiye carbi a kan kujerar da ya ƙi zama, ya naɗe hannun riga, ya kama gajeren gefen tare da mu. Kuve ta sake yi mana ihu daga taga har sigina ta dawo.

Wannan aikin nake ba ku labari duk lokacin da wani ya ce mini sana'ar noti huɗu ce. Na kafa dish a otal, na ja waya a makarantu da gidajen kallon ƙwallo daga nan har Muchalla, amma a nan ne na yi amfani da duk abin da na sani a wuri ɗaya, kuma ƙafata ba ta bar ƙasa ba sai cikin silin.

Washegarin ranar da muka ɗaga jigon, Alhaji Modu ya je wajen Jauro ya janye ƙararsa. Bayan damina ya ƙara wa katangarsa layin bulo, ya kuma aika wa Mista Zira tun kafin magina su hau. Kuve ta rubuta jarrabawarta a ɗakinta. Mista Zira bai sayar da gidan ba. Yana nan Nassarawo har yau.